Tsofaffin Shari'o'in Kisan Kai da Amanar Ajiye Shaida

A watan Oktoban 1975 aka aiki wata yarinya 'yar shekara 11 mai suna Lesley Molseed sayen burodi a garin Rochdale da ke arewacin Ingila, ba ta dawo gida ba. Bayan kwana uku aka tsinci gawarta a wani fili can bayan gari, an caccaka mata wuƙa. Hankalin jama'a ya tashi, 'yan sanda suka shiga matsi, kafin shekarar ta ƙare suka kama Stefan Kiszko, wani ma'aikacin ofishin haraji mai sanyin hali wanda yake zaune tare da mahaifiyarsa. Kwana uku ana yi masa tambayoyi babu lauya a kusa da shi, har ya amsa laifin, daga baya kuma ya janye, ya ce ya zaci idan ya amsa za a bar shi ya koma gida. A watan Yulin 1976 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

Abin da ya fi ƙona rai a wannan labari shi ne cewa hujjar da za ta wanke shi tana hannun masu bincike tun farko. Maniyyin da aka samu a tufafin yarinyar yana ɗauke da ƙwayoyin haihuwa, shi kuwa Kiszko yana da wata lalura da ta sa jikinsa ba ya samar da su sam, amma wannan bayani bai isa gaban kotu ba. Ya shafe shekara 16 a kurkuku, fursunoni 'yan uwansa suna dukansa saboda irin laifin da aka jingina masa, har ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, mahaifiyarsa kuma tana ta buga ƙofofi ba ta gaji ba. An soke hukuncin a watan Fabrairun 1992, a watan Disambar 1993 zuciyarsa ta buga ya rasu yana da shekara 41, mahaifiyar tasa ta bi bayansa bayan 'yan watanni.

Tufafin yarinyar an lalata su tun 1985, domin a lissafin hukuma shari'a ta ƙare. Sai dai wasu 'yan ƙananan yankunan salatif da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje suka manna wa tufafin don ɗauko zare da ƙura, waɗannan ba a zubar da su ba. Daga cikinsu ne aka fitar da bayanan ƙwayoyin halitta na DNA a 1999. Shekaru bayan haka aka kama wani mutum mai suna Ronald Castree kan wani zargi dabam, aka ɗauki samfurin yawunsa, sai bayanansa suka dace da na jikin salatif ɗin. An same shi da laifin kisan a watan Nuwamban 2007, shekara 32 bayan an binne yarinyar.

Ra'ayina a kan wannan al'amari ba shi da sarƙaƙiya. Fayil ɗin kisan kai bai kamata a rufe shi ba muddin ba a gano wanda ya yi kisan ba, kuma wajibi ne hukuma ta riƙa komawa kan tsofaffin fayiloli da duk wata dabarar kimiyya da ta samu daga baya. Amma ina so mai karatu ya lura da wanda ya ceci shari'ar Lesley. Masanin da ya yi gwaji a 1999 ya yi ƙoƙari, sai dai da wani ma'aikaci da ba mu san sunansa ba ya jefa salatif ɗin nan a kwandon shara a 1985, da duk iliminsa bai amfana komai ba. Kimiyyar binciken laifuka tana magana ne kawai a kan abin da aka tattara da kyau a ranar farko, aka ajiye shi da kyau shekara da shekaru. Wannan ɓangare shi ne ba a cika yabawa ba, kuma shi ne muka fi sakaci da shi.

Gwajin DNA ɗin kansa ba tsohon abu ba ne. A watan Satumban 1984 wani masani mai suna Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester da ke Ingila ya gano cewa akwai wurare a cikin ƙwayoyin halittar mutum inda wasu jeri ke maimaita kansu, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum, ta yadda za a iya bambance kowa da kowa in ban da tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya. Karo na farko da aka yi amfani da wannan a shari'ar kisan kai, a kusa da Leicester ɗin ne, inda aka kashe 'yan mata biyu masu shekara 15, ɗaya a 1983 ɗaya a 1986. Wani saurayi ɗan shekara 17 ya riga ya amsa cewa shi ya kashe ta biyun, 'yan sanda kuma suka kai wa Jeffreys samfura don ya tabbatar musu cewa shi ya kashe ta farkon ma. Gwaji ya nuna mutum ɗaya ne ya kashe su duka, kuma ba saurayin nan ba ne. Sai da aka ɗebi jinin maza wajen dubu biyar a ƙauyukan yankin kafin asirin Colin Pitchfork ya tonu, shi ma saboda an ji wani abokin aikinsa yana ba da labarin cewa shi ya je ya ba da jini a madadinsa. Na kan tsaya a kan wannan: aikin farko da gwajin ya yi a tarihin shari'ar kisan kai shi ne fitar da marar laifi daga hannun hukuma, bayan marar laifin ya amsa da bakinsa. Duk wanda ya san yadda ake samun amsa laifi a bayan kanta a ƙasashenmu ya kamata wannan ya tsaya masa a rai.

A zamanin Jeffreys sai an sami tabon jini mai ɗan girma kafin a yi gwaji. Daga baya aka samu hanyar ninka ɗan ƙanƙanin abin da aka samu har ya kai yawan da za a karanta, wannan kuwa shi ya mai da tsofaffin kwalaye da ke jibge a sito su zama taska. Stephen Lawrence, baƙar fata ɗan shekara 18, wasu samari farar fata suka kashe shi a wurin jiran bas a unguwar Eltham ta birnin Landan ranar 22 ga Afrilun 1993. Binciken farko ya lalace, kwamitin da gwamnati ta kafa kuma ya ce a rahotonsa na 1999 wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin 'yan sandan birnin. Da aka sake duba tufafin waɗanda ake zargi bayan fiye da shekara goma, sai aka ga wani ɗigon jini a wuyan rigar ɗaya daga cikinsu mai suna Gary Dobson, tsawon ɗigon bai wuce rabin milimita ba, jinin kuma na Stephen ne. Dobson ya taɓa tsira a kotu a 1996, amma dokar da aka yi a 2003 ta ba da damar sake gurfanar da wanda aka sallama idan sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito. A watan Janairun 2012 aka same shi da laifi, shi da wani abokin tuhumarsa mai suna David Norris. Abin lura shi ne babbar kariyar da lauyoyinsu suka riƙe a kotu ita ce wai an yi sakaci wajen ajiyar kayan shaida, jinin mamaci ya iya tsallakawa daga wannan jaka zuwa waccan. Kotu ta shafe makonni tana bin tarihin kowace jaka, wa ya buɗe ta, yaushe, a wane ɗaki. Da rajistar sito ba ta tsaya da ƙafarta ba, da ɗigon jinin nan ya tashi a banza.

Akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Hujjarsu ita ce tono tsohuwar shari'a fama miki ne ga iyalan da suka riga suka haƙura, shaidu sun mutu ko sun manta, kuɗin da za a kashe a kan kisan shekara talatin da suka wuce kuma gara a kashe shi a kan kisan makon jiya. Ban raina wannan magana ba, musamman ta ƙarshen, domin gwaji yana da tsada kuma jami'an bincike ba su da yawa. Amma haƙurin da iyali suka yi don ba su da yadda za su yi dabam yake da yafiya, kuma ban taɓa jin uwar da aka kashe wa ɗa ta ce ba ta son sanin wanda ya kashe shi ba. Mahaifiyar Stephen Lawrence ta yi kusan shekara 19 tana bibiya. Sannan kisan da ba a warware ba yana barin abu biyu a baya: mai kisa da ke yawo cikin mutane, da kuma, sau da yawa, wani bawan Allah da aka ɗora wa laifin, ko dai a kurkuku ko a bakin mutanen gari.

Koriya ta Kudu ta ga duka biyun a shari'a ɗaya. Tsakanin 1986 da 1991 an kashe mata goma a yankin Hwaseong, aka yi bincike mafi girma a tarihin ƙasar ba a kama mai laifin ba. A 2019 aka sake gwada kayan da aka ajiye, sai suka nuna Lee Choon-jae, wanda yake kurkuku tun 1994 saboda kashe ƙanwar matarsa. Ya amsa kisa 14, ciki har da na wata yarinya 'yar shekara 13 wanda aka riga aka ɗaure wani mutum mai suna Yoon Sung-yeo a kansa har shekara 20. An wanke Yoon a watan Disambar 2020. Shi kuwa Lee ba a iya gurfanar da shi kan kashe-kashen ba, domin wa'adin da dokar ƙasar ta ɗiba na shigar da ƙara ya cika tun 2006, kuma soke wa'adin da aka yi a 2015 bai shafi abin da ya riga ya wuce ba. Duk da haka ba zan ce aikin ya tafi a banza ba. Iyalai sun san gaskiya, Yoon kuma ya fita daga kotu da sunansa a wanke, abin da ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da aka kira mai kisan yarinya tsawon shekara talatin. Ga masu cewa kisan makon jiya ya fi cancanta da kuɗin, ƙanwar matar Lee da aka kashe a 1994 ita ce amsa, domin da an kama shi tun kan matan farko da bai kai gare ta ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi a wurina, ita ce cewa kimiyyar nan tana kuskure, kuma kuskurenta ya fi na ɗan sanda hatsari saboda alƙali yana jin nauyin musanta mai farar riga. Wannan gaskiya ne. A 2015 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, wato FBI, ta amsa cewa a fiye da kashi 90 cikin ɗari na shari'o'in da aka sake dubawa, jami'anta masu kwatanta gashi a madubin ƙara girma sun faɗi abin da ya wuce iyakar iliminsu a gaban kotu, kuma cikin waɗanda abin ya shafa akwai waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. DNA ɗin ma bai tsira ba. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mata da aka ga bayananta a wurare kusan 40 da aka aikata laifi a Jamus da Ostiriya da Faransa, har da wurin da aka kashe wata 'yar sanda a garin Heilbronn a 2007. A 2009 aka gane cewa matar ma'aikaciya ce a masana'antar da ke yin tsinken audugar da ake ɗaukar samfur da shi. Gwajin bai yi ƙarya ba, ya faɗi wanda ya taɓa audugar, mutane ne suka ɗora masa labarin da bai faɗa ba. Iyakar abin da DNA ke cewa shi ne wani abu daga jikin wane ya iso wannan wuri. Yadda ya iso, da lokacin da ya iso, da niyyar mai shi, waɗannan aikin shaidu ne da hankalin alƙali.

Akwai kuma damuwa a kan sirrin jama'a. Joseph DeAngelo, tsohon ɗan sandan da ya kashe mutum 13 ya kuma yi wa mata da dama fyaɗe a jihar Kalifoniya a shekarun 1970 da 1980, an kama shi ne a watan Afrilun 2018 yana da shekara 72, bayan masu bincike sun ɗora bayanan da suka samu a shafin GEDmatch, inda mutane ke neman danginsu, suka gano 'yan uwansa na nesa, suka bi salsala har suka iso kansa, sannan suka tabbatar da wata takardar goge hanci da ya jefa a shara. Na yi murna da kama shi, amma dangin nan da suka ɗora bayanansu don neman kakanninsu ba su san za su zama hanyar 'yan sanda ba, kuma a ƙasar da hukuma ba ta jin kunyar bibiyar 'yan adawa irin wannan rumbu abin tsoro ne. Maganin wannan doka ce mai iyakance wanda zai duba da dalilin dubawa. A shari'ar DeAngelo ma, samfurin da ya ba da damar aikin ya fito ne daga wani kwafi na biyu da wani likitan binciken gawa ya ajiye a firiza tun 1980.

Darajar irin wannan aiki na rubutawa da ajiyewa, wanda ba ya burge kowa, a ɗakin jinya na fara ganinta, lokacin da zuciyar mahaifina ta yi rauni har ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya riƙa taruwa masa a ƙafafu da huhu. Ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi ta sa muka sayi sikeli da ɗan littafi, ta ce kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, a auna shi a rubuta, a rubuta matashin kai nawa ya jera kafin ya iya barci, a rubuta ko ya sha maganin da ke sa fitsari, a kuma rage masa gishiri. Ta ce idan nauyinsa ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku kada mu jira numfashi ya fara sarƙewa, mu kawo shi. Da ya gaji da awon ya fara ƙorafi, sai ta durƙusa ta ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, likita ba ya ganin jiya, sai abin da aka rubuta masa." Sau biyu littafin nan ya kai mu asibiti a kan lokaci. Masanin da za a miƙa wa fayil bayan shekara ashirin shi ma ba ya ganin jiya, kuma ɗan sandan da ya fara isa wurin gawa shi ne mai riƙe masa littafi.

Idan na juyo gida Najeriya, jerin sunayen kowa ya san shi. Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, wanda bam da aka aiko a ƙunshin wasiƙa ya kashe a gidansa da ke Ikeja ranar 19 ga Oktoban 1986. Bola Ige, wanda aka harbe a gidansa da ke Ibadan ranar 23 ga Disambar 2001 yana riƙe da muƙamin Ministan Shari'a na ƙasa baki ɗaya, waɗanda aka gurfanar kuma duk aka sallame su. Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe yana limancin sallar Asuba a masallacinsa da ke Ɗorayi a Kano ranar Juma'a 13 ga Afrilun 2007, har yau kuma ba mu ji wata kotu ta kama wani da laifin ba. Waɗannan manya ne da duniya ta san da su, bayansu akwai dubban talakawa da aka tsinci gawarsu a gona ko a kango, aka yi musu sutura, magana ta mutu.

Shari'ar Funsho Williams ita ce ta fi nuna inda gizo ke saƙa. An kashe shi a gidansa da ke rukunin gidaje na Dolphin a Ikoyi ranar 27 ga Yulin 2006 yana neman takarar gwamnan Legas, har aka gayyato 'yan sandan Birtaniya su taimaka. Shekaru bayan haka wani babban jami'in 'yan sanda mai kula da sashen binciken kimiyya ya shaida wa babbar kotun Legas cewa samfuran da aka ɗauka daga gawar sun lalace saboda yawan ɗauke wuta. Aka tono gawar don ɗaukar wasu, bai wadatar ba, a 2014 kotu ta sallami mutum shida da ake tuhuma. Ko su ne ko ba su ba ne, babu mai iya cewa yanzu, kuma wannan zalunci ne ga iyalan mamaci, zalunci ne kuma ga mutanen da suka shafe shekaru a tsare. Jihar Legas ta buɗe cibiyar gwajin DNA a 2017, abin a yaba, sai ga shi an cinna mata wuta a tarzomar Oktoban 2020. Gina ɗakin gwaji abu ne mai kyau, amma tambayar da nake yi ita ce, idan aka buɗe irinsa goma gobe, me za a kai musu daga shari'ar 2001 ko ta 2007? Ina kwanson harsashin, ina rigar, ina rajistar da ta nuna hannayen da suka bi?

Laifin ba na hukuma kaɗai ba ne, mu ma jama'a muna da namu kason, ko da yake da kyakkyawar niyya muke yi. Idan aka yi kisa a unguwa, kafin ɗan sanda ya iso mutum ɗari sun shiga ɗakin, wani ya ɗauki wuƙar ya jujjuya, mata sun wanke jinin don kada uwar mamaci ta gani, an cire tufafin an ƙone ko an binne, kafin La'asar an kai shi makwancinsa. Gaggauta jana'iza umarnin addini ne, girmama gawa kuma wajibi ne, har hadisi ya zo cewa karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana da rai. Amma malamai ba su ɗauki wannan a matsayin hani ga neman haƙƙin wanda aka kashe ba. Majalisar manyan malaman Saudiyya tun 1976 ta halatta binciken gawa idan ana tuhumar kisa. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka kuma a 2002 ta ce babu laifi a dogara da gwajin ƙwayoyin halitta wajen binciken laifi, sai dai ta ce ba a tsai da haddi ko ƙisasi da shi. Wannan iyaka ba ta dame ni ba, hasali ma ta dace da abin da labarin Heilbronn ya koyar, kuma ta bar ƙofa a buɗe ga abu mafi muhimmanci, wato shiryar da mai bincike da wanke wanda aka zalunta. Yanke hukunci bisa alamu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk ɗan makarantar allo ya san cewa rigar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ita ta wanke shi da aka duba aka ga ta baya ta yage, malaman tafsiri kuma sun ce mahaifinsa ya gane ƙaryar 'yan uwansa ne da ya ga jini a riga amma babu yagar haƙorin kerkeci. Alƙur'ani ya ce wanda aka kashe da zalunci an ba waliyyinsa iko, to wane iko ya rage wa waliyyi idan an wanke hujjarsa da ruwa da omo tun kafin Azahar?

Maƙwabtanmu na Burkina Faso sun nuna cewa ko da an makara ana iya samun wani abu. An kashe shugaban ƙasar, Thomas Sankara, ranar 15 ga Oktoban 1987, takardar shaidar mutuwarsa ta ce mutuwar Allah da Annabi ya yi. A 2015 aka tono kabarin a Wagadugu, zafi da daɗewa sun cinye DNA har gwaji ya kasa cewa komai, amma ƙasusuwa da ragowar tufafi sun nuna ramukan harsasai, suka ƙaryata takardar. Sauran aikin shaidu masu rai ne suka yi shi, a watan Afrilun 2022 kuma kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya gaje shi a mulki, ɗaurin rai da rai a bayan idonsa. Abin da ya hana wannan shari'a motsi shekara 27 ba rashin na'ura ba ne, wanda ake zargi ne ke kan mulki, kuma ina zaton da yawa daga fayilolinmu irin wannan ciwon ne ke damunsu. Shi ya sa nake ganin sashen da zai duba tsofaffin shari'o'i bai kamata ya zauna ƙarƙashin ofishin da ya yi binciken farko ba, domin ba a sa mutum ya tono kuskuren kansa.

Abin da nake nema daga majalisun dokoki bai kai tsadar ginin cibiya ba. A yi doka cewa duk kayan shaidar kisan kai ba a lalata su muddin ba a kama mai laifi ba, idan kuma an yanke hukunci a ajiye su muddin wanda aka ɗaure yana da rai, a kuma ba fursuna damar neman a sake gwada su. Jami'in da kaya suka ɓace a hannunsa ya amsa tambaya da sunansa. Yawancin abin da ake bukata ma ba ya neman wutar lantarki: rigar da jini ya ɓata a shanya ta a inuwa ta bushe sarai, a sa ta a ambulan na takarda, kada a ƙulle ta a leda domin laima na kawo fumfuna ta cinye abin da ake nema, a liƙe bakin, a rubuta rana da wuri da sunan wanda ya ɗauka, duk wanda ya karɓa daga baya ya sa hannu. Kwanson harsashi a ɗauke shi da safar hannu, kowanne a ƙunshinsa. Abin da dole sai an sanyaya shi, firji mai aiki da hasken rana irin wanda ake ajiye allurar rigakafi a asibitocin karkara ya isa. Likita ya zo da wuri ya ɗauki hoto da samfur cikin 'yan sa'o'i, a miƙa gawa ga iyalanta su yi mata sutura a ranar. Limamai da masu unguwanni kuma su riƙa gaya wa jama'a cewa idan aka yi kisa, mutum biyu su tsaya a bakin ƙofa su hana kowa shiga, har dangi na jini, sai jami'in da zai ɗauki shaida ya iso ya gama aikinsa.